Fararen Duwatsun Hanyar Famfo

A kusurwar gabas ta makarantar firamaren gwamnati da ke bayan tashar mota, tsakanin ɗakin ajiya da katangar baya, akwai wani ɗan gida mai ɗaki biyu da madafi. Shekara goma sha tara wani mutum ya yi a cikinsa tare da matarsa kafin abin da za a ba da labarinsa ya faru. A takardun ofishin ilimi an rubuta aikinsa "mai kula da makaranta". Malamai Kafinta suke ce masa, don sana'arsa ke nan tun yana saurayi. Yara kuwa Baba Guduma suka sa masa, saboda ba su taɓa ganinsa babu guduma a soke a ƙugunsa ba. Suna ɗaya ne ba ya so, wato mai gadi. In baƙo ya kira shi haka, sai ya gyara masa ba tare da ɗaga murya ba.

"A'a. Mai gadi zuwa yake yi ya tafi. Ni nan nake kwana, nan nake tashi."

An gina makarantar a zamanin da ake gina makaranta da niyyar ta daɗe. Azuzuwa goma sha biyu ne a jeri biyu, da baranda mai faɗi. Kowane aji taga shida, kowace taga gilashi takwas. Waɗanda suka yi karatu a cikinta tana sabuwa har yau suna tuna yadda ake jera su ana duba farce kafin a shiga aji, da yadda hasken safiya ke ratsa gilashi ya kwanta a kan tebura. Daga baya gari ya bunƙasa ya kewaye ta, filin ƙwallonta ya zama na kowa. Da an tashi daga makaranta sai samarin unguwa su tsallako katanga su yi wasa, wanda aka ci ya huce haushinsa a kan taga. Aka kwance sakatu, aka cire kan famfo, bencina suka riƙa fita ɗaya bayan ɗaya. Ofishi ya sa kwaɗuna, aka fasa su. Ya ƙara wa katanga tsawo, aka rage mata. Ya ɗauki mai gadin da ke leƙowa da yamma, masu ɓarnar suka haddace lokacin zuwansa. A ƙarshe wani tsohon sufeto ya ba da shawarar a sa mutum da iyalinsa su zauna a ciki, domin a ganinsa mutane sun fi jin nauyin taɓa gida a kan taɓa kango.

Lokacin Kafinta yana da shekara arba'in da bakwai, aikin faɗaɗa titi ya cinye shagonsa, 'yarsu tilo kuma ta yi aure ta koma babban birni. Suka tare da gado ɗaya, da akwatin kayan aiki, da tukwane, da igiyar shanya.

Igiyar nan ita matarsa ta fara ɗaurawa, tun ba a shigar da gado ba. Ba ta ɗaura ta a bayan gida inda kowace mace za ta ɗaura ba. Ta ja ta daga ƙofar madafi zuwa bishiyar da ke kallon filin ƙwallo.

"A idon jama'a za ki shanya mana tsummokaranmu?" in ji shi.

"A idonsu. Wanda ya hango zanen mace yana kaɗawa ya san akwai mai gani."

Tun daga ranar igiyar ba ta taɓa zama wayam ba. Lokacin hutu, in wanki ya ƙare, sai ta jiƙa wankakkun kaya ta sake shanyawa. Da haka ta samu sunanta, Iya Mai Shanya.

Shi kuwa tsarin aikinsa bai taɓa sauyawa ba. Da gari ya fara wayewa zai fita da guduma, da gwangwanin ƙananan ƙusoshi, da tsintsiya, ya zaga tagogi saba'in da biyu ɗaya bayan ɗaya. Duk abin da ya tarar an lalata, sai ya gyara shi kafin a kaɗa ƙararrawar bakwai da rabi. Gilashi yana da shi jibge a ɗakin ajiya, wanda ya ciro daga tsohon ɗakin taro kafin a rushe shi. Dalilinsa ɗaya ne: yaro bai kamata ya ga taga a fashe ba. In ya ga ɗaya a fashe, hannunsa zai yi masa ƙaiƙayi a kan ta kusa da ita. Shi mai jifan ma, in ya dawo washegari ya ga tagar tana nan garau kamar bai taɓa ta ba, sai abin ya fita ransa.

Bai taɓa bin kowa da gudu ba. Ranar wasa yakan jawo benci mai karyayyar ƙafa zuwa bakin fili ya zauna yana gyara, yana gaida 'yan wasan yana tambayar lafiyar iyayensu. Shi ya gyara musu sandunan raga. Iya kuma takan ajiye bokitin ruwa da kofi a gindin bishiya. Da wuya mutum ya sha ruwan mace, ya juya ya jefi tagar da mijinta zai tashi da sassafe ya gyara.

Amma a farkon shekarun an yi jifa, ba kaɗan ba. Duk dutsen da ya tsinta a cikin aji a tsakanin fasassun gilasai, sai ya sa shi a aljihu ya kawo gida, don kada wani ya sake ɗaukarsa. Da yake mutum ne da ba ya ajiye ko guntun katako bai yi masa alama ba, sai ya riƙa tsoma ƙusa a ragowar baƙin fentin allo yana rubuta shekara da wata da lambar aji a jikin kowane dutse, ya jefa shi a wani tsohon durum.

A shekararsu ta goma sha ɗaya idon Iya ya fara tafiya. Likita ya ce ba yana ba ce da za a cire, jijiyar ce take mutuwa a hankali. Fuskoki suka fara ɓace mata, sannan launuka. Abin da ya rage mata shi ne fari a kan duhu. Cikin gida ba ta da damuwa, ƙafarta ta san kowane lungu. Amma daga ƙofa zuwa famfo taku arba'in da ɗaya ne a fili fetal, kuma ranar da ya hango ta tsaye a tsakiya da bokiti tana juye-juye ta rasa gabas, sai ya nufi inda ya tara duwatsun. Ya juye durum ɗin nan, ya dama farar ƙasa, ya shafe duwatsun, ya jera su ɗaya na taɓa ɗaya daga bakin ƙofa, ta hannun dama, rubutun yana kallon ƙasa. Ya jera su bisa shekarunsu, domin bai san wata hanyar jera abu ba.

Ba su kai famfo ba. Duk sabon dutsen da ya samu yana ƙara shi a ƙarshen layin, amma yanzu ba su cika zuwa ba. A shekara ta goma sha tara layin ya tsaya a taku na talatin da bakwai. Sauran huɗun guntuwar igiya ya ɗaura mata daga turke zuwa jikin famfo.

"Duwatsu sun ƙare a duniya ne?" takan ce masa. "Ga su can zube a bakin titi."

"Waɗancan ba su yi komai ba. Me zan rubuta a kansu?"

"Ji tsohon nan! Sai an fasa taga kafin in kai famfo?"

Ana nan, wata Laraba Hedimasta ya aiko a kira shi. Shi ne hedimasta na uku da Kafinta ya yi aiki da shi, mutum mai ƙiba da saurin gumi da kyakkyawar zuciya. Ya nuna masa kujera. Kafinta ya gyara ƙafar kujerar nan sau biyu amma bai taɓa zama a kanta ba, don haka ya san ba lafiya ba.

Hedimasta ya karanta masa takardar. Ofishin ilimi ya yi sabon tsari: za a bar masu kula a makarantun da rahotonsu ya nuna ana yi musu ɓarna. Waɗanda ba a taɓa su kuwa, za a sallami masu kularsu, a mai da gidajen ɗakin ajiya. Wata jami'a za ta zo nan da mako uku, ranar Talata, ta gane wa idonta.

"Kafinta, kai ka yi wa kanka."

"Ni, ranka ya daɗe?"

"Kai mana." Ya jawo wani kumburarren fayil ya buɗe. Takardar rahoton wata-wata ce, wadda kowane hedimasta ke cikewa bayan ya zaga makaranta da ƙarfe takwas. A layin da aka rubuta "ɓarna" kalma ɗaya ce ta hannu uku daban-daban. "Babu. Babu. Babu. Wata ɗari biyu da ashirin da takwas, babu."

"To ai babun ce."

"Babu da ƙarfe takwas. Da ƙarfe shida fa?"

Kafinta ya kalli hannuwansa.

"Ka saurare ni," in ji Hedimasta, ya rage murya. "In Allah ya sa aka fasa wani abu kafin Talatar, don girman Allah ka ɗaure hannunka. Ka bar shi ta zo ta gani."

"A bar taga a fashe, yara su shigo su tarar?"

"Kwana biyu ko uku ne. Ba za ka mutu ba."

Ya fito bai nufi gida ba, ya shiga ɗakin ajiya ya zauna a kan akwatin alli. Ba aikin yake tunani ba. Ya kai shekarun hutawa, 'yarsu ma ta daɗe tana roƙon su koma wurinta. Amma gidanta a hawa na uku yake, matakala arba'in da takwas, a titin da motoci ba sa tsayawa. Sun taɓa zuwa bayan idon Iya ya tafi. Kwana huɗu ta yi a bakin gado hannuwanta a cinya, ko bayan gida sai an riƙe ta, matar da a nan take dafa abincinta, ta yi wankinta, ta gane kowace malama daga ƙarar takalminta. A can za a kula da ita, za a ciyar da ita, ba kuma za ta sake taka ƙasa ita kaɗai ba.

Ya yi niyyar ɓoye mata. Ko kwana ɗaya bai yi nasara ba.

"Yau ka shanye shayinka ba ka ce sukari ya yi yawa ba," in ji ta da yamma. "Wa ya mutu?"

Ya faɗa mata duka, har da shawarar Hedimasta. Ta murza bakin zanenta.

"To," ta ce. "A can ina zan ɗaura igiyata?"

Mako biyu suka wuce ba wanda ya taɓa ko sakata. Sai ranar Asabar ta ƙarshe da la'asar, ana tashi daga ƙwallo, suka ji ƙarar da suka yi wata bakwai ba su ji ba. Iya ta ɗaga kai daga kwanon da take wankewa.

"Aji huɗu," ta ce. "Taga ta biyu daga ƙofa. Allah ya yi wa yaron nan albarka."

Ta biyun ce kuwa. Ya je ya share gilasan tas don kada su yanki wani, ya sa dutsen a aljihu, ya tsaya yana kallon ramin. Sannan ya juya ya dawo gida, yana tafiya kamar mai ciwon baya. Ya tarar ta ɗauke gudumar da ya ajiye a kan tebur.

"Ina gudumata?"

"Ta tafi hutu. Sai Laraba."

Lahadi ta yi masa tsawo. Ya zaga makaranta ta bayan azuzuwa don kada ya bi ta gaban aji huɗu. Ya juya kujerarsa ya ba jerin azuzuwan baya. Abincin rana ya taɓa ya ture. Da yamma hadari ya haɗu, aka yi yayyafi da iska daga gabas, daidai ta ɓangaren tagar. Ya san bencin da ke ƙarƙashinta, ya san kuma masu zama a kai: 'yan mata uku, ta bakin tagar 'yar ƙarama ce mai yawan tari.

Litinin da gari ya fara haske ya zame ya fita. Ya auna ramin da ido, ya yanko gilashi a ɗakin ajiya, ya saka shi, ya ciro ƙusoshi huɗu daga gwangwani. Ya kai hannu ƙugu, babu guduma. Ya laluba aljihu, ya ji dutsen. Da shi ya buga ƙusoshin, a hankali, sannan ya goge bencin da hannun rigarsa.

Ya dawo ya same ta zaune a bakin ƙofa, gudumar a cinyarta.

"Na ji ka," ta ce. "Ƙwas, ƙwas, ƙwas. Da me ka buga, ga ta nan?"

"Da dutsen."

Ta fashe da dariya har ta riƙe ciki, har hawaye suka zubo. Dariyar ta tsaya, hawayen ba su tsaya nan da nan ba.

"Ka kore mu daga gida, tsohon nan."

"Na sani."

"Ungo abarka. Zo ka sha shayi kafin ya huce."

Hedimasta da ya ji, ya dafe kai da hannu biyu. Da yamma Kafinta ya rubuta wa dutsen shekara da wata da lambar aji, ya shafa masa farar ƙasa, ya dasa shi a ƙarshen layi kamar kullum.

Jami'ar ta iso ranar Talata da ƙarfe tara da kwata. Mace ce da ba ta wuce sa'ar 'yarsu ba, da takalmi mara tsini, da fayil, da ma'auni a jaka. Ba ta da wulaƙanci, sauri kawai take yi, don makaranta huɗu za ta zaga kafin yamma. Ta bi azuzuwa goma sha biyu tana taɓa ƙofofi tana leƙa tagogi, Hedimasta na biye da ita yana share gumi.

"Baba, yaushe rabon da a yi ɓarna a nan?"

"Asabar ɗin nan da ta wuce, ranki ya daɗe."

"Ina?"

Ya kai ta aji huɗu ya nuna mata. Gilashi takwas, duk suna ƙyalli. Ta dube su, ta dube shi.

"Baba, ba wai na ƙaryata ka ba ne. Amma abin da na gani shi zan rubuta. In na ce an faɗa mini, ba wanda zai karanta layi na biyu."

Saura ta auna gidan. Iya ta tare ta a ƙofa da fara'a.

"Sannu da zuwa, 'yata. Shigo ki auna. Ki haɗa da ni a ma'aunin, ko zan samu wuri a cikin kayan ajiyar."

Jami'ar ta sunkuyar da kai ta ci gaba da aikinta. Da ta gama, tafin hannunta ya yi baƙi da ƙurar saman ƙofa. Ta tambayi ruwa. Iya ta ɗauki bokiti.

"Mama, kawo in ɗebo."

"Ke baƙuwa ce. Biyo ni dai, ki wanke a bakin famfo."

Kafinta yana tsaye a gindin bishiya yana kallonsu. Iya na gaba, kanta a miƙe, gefen ƙafarta ta dama yana shafar duwatsun, tana tafiya kamar mai ido biyu. Jami'ar na bayanta, ta miƙa hannu don tarewa, ta ga ba a buƙata, ta sauke.

"Mama, wa ya yi miki wannan kwalliya?"

"'Yan unguwa suka kawo kaya, tsohon ya yi aiki."

"Ashe suna da kirki. Har gida suka kawo?"

"Ta taga suka miƙo." Iya ta tsaya ta laluba turken igiya. "Kowanne da tagar da ya ci. Nan kuma kayan suka ƙare, kin ga saura igiya. Yaran yanzu rowa gare su, bara uku kacal muka samu. Wannan na ƙarshen shi ne na ranar Asabar. Taɓa ki ji, ko gama bushewa bai yi ba."

Jami'ar ta durƙusa ta ɗaga dutsen. Farar ƙasar ta manne mata a yatsu. Ta juya shi ta karanta. Ta ɗaga na bayansa, da na bayan wancan. Sai ta miƙe, ta koma da sauri har bakin ƙofar gidan, ta ɗaga na farko. Fentin ya dushe amma yana karantuwa.

"Malam Hedimasta, zo da takarda da alƙalami."

Abin da 'yan makarantar suka gani ke nan da aka fito hutun cin abinci: babbar jami'a daga ofishi a tsugune a ƙasa da kayan aikinta masu guga, tana juya duwatsu tana kiran shekara da wata da aji, Hedimasta a sunkuye yana rubutawa, Baba Guduma kuma a bayansu yana mai da kowane dutse raminsa yana danna shi da tafin hannu, domin in ɗaya ya kauce ƙafar Iya za ta sani. Taku goma sha biyu na farko duk shekara ɗaya ce, duwatsu ɗari da huɗu. Shekara ta biyu saba'in da ɗaya. Ta uku arba'in. Daga nan shekarun suka riƙa matsewa, har a kusa da turke shekara shida suka shige cikin taku biyu. Gaba ɗaya ɗari uku da goma sha takwas. Ba su gama ba sai da rana ta take, sauran makarantu ukun ba su ga jami'a ba ranar.

Ta wanke hannu a famfo, ta daɗe tana kallon layin daga wannan ƙarshe zuwa wancan.

"Baba, me ya sa ba ka taɓa faɗa wa kowa ba?"

"Ba wanda ya tambaye ni, 'yata. Kuma abin da aka gyara ai ya wuce."

Ba ta yi musu alkawarin komai ba. Ta ce ita rubutu ne nata, hukunci na waɗanda ke sama da ita ne. Ta durƙusa ta yi wa Iya sallama, ta tafi da farar ƙasa a gwiwar siket ɗinta.

Mako biyar suka yi suna jira. Kafinta bai ce a haɗa kaya ba, amma ya ƙera akwatuna biyu a ɗakin ajiya ya rufe su da buhu. Iya ta ji ƙamshin sabon katako a rigarsa, ba ta tambaya ba. Ita ma ta daina yi masa tsiyar duwatsu.

Takardar ta zo ranar wata Alhamis. Wannan karon Hedimasta bai aika a kira shi ba, da kansa ya ratso fili yana haki, yana ɗaga ta sama tun daga nesa. An bar su. An kuma ƙara sharaɗi ɗaya: daga yau kada mai kula ya gyara wata ɓarna sai shugaban makaranta ya gani ya rubuta.

"Wannan kam ba zai yiwu ba," in ji Kafinta. "Kai sai bakwai da rabi kake zuwa."

"Kai, bawan Allah! An ba ka gida kana jayayya?"

A tsaye a wurin suka daidaita. Zai ci gaba da gyara kafin ƙararrawa, amma zai ɗora dutsen a kan teburin Hedimasta, ya karɓi abinsa bayan an rubuta. Haka aka yi ta yi har ƙarshen aikinsa, kuma duk ranar da malamai suka ga dutse a kan tebur sun san abin da ya faru.

Da Hedimasta ya tafi, Iya ta juyo da fuskarta inda take jin numfashinsa.

"Akwatunan nan da ka ɓoye, ɗaya nawa ne, zan zuba kwanuka. Sannan tunda muna nan, ka ƙarasa mini hanyata. Ba zan zauna jiran yaran nan ba. A lissafin da na ji ana yi, sai na shekara goma sha ɗaya a kabari kafin su kai ni famfo."

Ya buɗe baki zai yi magana, ta ɗaga masa hannu.

Washegari da rana ya tura baro zuwa inda ake wani gini a bayan tasha, ya roƙi magina, ya zauna ya zaɓi duwatsu talatin da huɗu masu girman dunƙulen hannu. Ya wanke su ya shanya. Da yamma ta ji ya buɗe gwangwanin baƙin fenti.

"Me kuma za ka rubuta? Ka ce ba su yi komai ba."

"Abin da suka yi zan rubuta."

A ƙarƙashin kowanne ya rubuta "Babu", da ƙananan haruffa masu tsabta irin na mutanen da. Ya shafe su fari, ya jera su daga turke har gindin famfo.

Ranar Asabar da safe Iya ta fito da bokiti. Ya tsaya a bakin ƙofa yana ƙirga mata taku a zuci. A na talatin da bakwai hannunta ya miƙe da kansa yana neman igiya. Ta ja shi baya, ta ci gaba, gefen ƙafarta yana bin sababbin duwatsun har bokitin ya bugi famfo. Ta cika shi, ta ajiye. Sannan ta kwance guntuwar igiyar daga turke, ta nannaɗe ta a hannu, ta ɗaga murya.

"Kafinta! Zo ka ƙulla mini wannan a jikin ta shanya. Zannuwa biyu za ta ƙara ɗauka."